Inna ta ƙi barin ƙauye, mu kuma hankalinmu ya ƙi kwanciya

"Assalamu alaikum Hajiya Sista. Ni ma'aikaci ne a Gusau. Mahaifiyarmu tana wani ƙauye a ƙasar Ƙauran Namoda, shekarunta sun doshi 80, tana da hawan jini, bara kuma ta samu shanyewar hannu da ƙafar hagu, amma tana takawa da sanda. Cikin wata uku ta faɗi sau biyu a hanyar bayi. Jikarta da ke kwana da ita za a yi mata aure bayan Sallah, ga hanyar garin ba kullum take biyuwa ba saboda halin da ake ciki. Na ce ta dawo wurina, ta ce ba ta barin ɗakin da Baba ya bar ta. Ƙanena da ke Abuja ya kawo shawarar a kai ta gidan kula da tsofaffi na kuɗi, inda akwai nas dare da rana, 'yan'uwanmu mata suka yi masa ca, har yau ba sa ga maciji da shi. Maiɗakina ta ce ta yarda a kawo ta, amma tana koyarwa, ga yara huɗu. Don Allah mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan ɗawainiya.

In na fahimce ka, abu uku ka ƙulla wuri ɗaya: ko lokacin ɗauko Inna ya yi, ina ya kamata a kai ta, da yadda za a shawo kanta ta yarda. Akwai na huɗu da ba ka tambaya ba, shi ne kuma ya fi tsaya mini a rai. Ƙarfe biyun dare, in Inna ta farka ta ce za ta zaga, wa zai tashi ya kama ta? Na yi shekara fiye da 30 ina aikin jinya, mafi yawa a ɗakin mata, tun da na ajiye aiki kuma gida-gida nake shiga duba tsofaffin da aka sallamo daga asibiti. Gidajen da na ga al'amarin ya tafi daidai, duk sun amsa wannan tambaya kafin mota ta tashi. Waɗanda suka bari sai tsohuwa ta iso, wata biyu ake yi a fara jin kansu.

Maganar gidan tsofaffi

Bari in fara da rigimar ƙanenka da 'yan'uwanku mata, domin kowannensu yana da gaskiyarsa. A Ingila da Amurka irin waɗannan gidaje kala biyu ne. Akwai wanda tsoho ke da ɗakinsa, ana taimaka masa da wanka da abinci da shan magani, sauran harkokinsa yana yi da kansa. Akwai kuma na waɗanda ciwo ya kwantar, da ma'aikatan jinya a kansu ba dare ba rana. A ƙasar nan gidajen kuɗi irin waɗannan sun fi yawa a Legas da Ibadan da Abuja. Cibiyar farko ta lafiyar tsofaffi zalla, a asibitin koyarwa na Ibadan aka buɗe ta a 2012. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a farkon 2018, ta fara aiki a 2021, amma aikinta tsara manufofi ne da horar da masu kula da tsofaffi, ba wurin kwana ba ce da za a kai mutum.

Abin da mu muka sani a Arewa shi ne gidan gajiyayyu, inda ake ajiye wanda ba shi da kowa. Shi ya sa da ƙanenka ya ce "gidan tsofaffi", 'yan'uwanku "a yar da Inna" suka ji. Shi kuwa abin da ya hango daidai ne: matar da ta faɗi sau biyu cikin wata uku tana bukatar ido a kanta kowane lokaci. Ka gaya musu su daina kallonsa a matsayin marar tausayi, domin kuɗin da ya yi niyyar kashewa ana bukatarsa, wuri kawai za a sauya masa.

Ra'ayina dai, Abuja ba ta dace da Inna ba. Macen da ta yi shekara 80 tana farkawa da kiran sallar garinsu, tana karya kumallo da kunu ko ɗumamen tuwon dawa, maƙwabta na leƙowa gaisuwa tun hantsi, in aka kai ta inda mai yi mata wanka ba lallai ta ji Hausa ba, sauran 'ya'yanta kuma sai an yi tafiyar yini kafin a gan ta, za ta samu gado mai tsabta, ta rasa dalilin tashi daga kansa. Ga kuɗin wata-wata da ba a san ranar ƙarewarsa ba. Ayar Suratul Isra'i da kowa ke ja, wadda ta hana a ce wa iyaye ko da "uf", cewa ta yi idan ɗayansu ko dukansu suka tsufa "a wurinka". Fatawa ta malamai ce, ni ba fagena ba ne, amma ban taɓa jin malamin da ya hana ɗa ya ɗauko mai taya shi jinyar uwarsa a cikin gidansa ba. Abin da nake ba iyalai shawara ke nan: hidimar da ake sayarwa a wancan gida, ku gina ta a sashe ɗaya na gidanku.

A fara gano abin da ke kayar da ita

Mu a wurin aiki abu shida muke dubawa don mu san yawan taimakon da tsoho ke bukata: ko yana iya wanka da kansa, sa tufafi, zuwa bayi, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannunsa. Ka zauna da jikar nan, ita kaɗai, ba a gaban Inna ba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffinmu gwanaye ne wurin ɓoye gazawa. In ka tambayi Inna za ta ce "lahiya lau nike", alhali yarinyar ce ke ɗaura mata zane, ita ke wanke shimfiɗa da asuba kafin kowa ya gani. In abu ɗaya ko biyu ne ke gagararta, mai taimako na wasu sa'o'i da mai kwana da ita sun isa. In sun kai huɗu, aikin mutum biyu ne cur.

Faɗuwar kuma tana da sanadi, kada a ce tsufa ne kawai a wuce. Wanda na fi gani ga masu hawan jini shi ne jiri lokacin miƙewa: an sha magani, an kwanta, an zabura tsakar dare, jini bai gama hawa kai ba, sai ƙasa. Wani maganin hawan jinin yana sa yawan fitsari, in ana ba ta shi da yamma to shi ke fitar da ita cikin duhu, likita na iya mayar da shi na safe. Akwai yanar ido, wadda aikinta ba ya ɗaukar lokaci kuma tsoho ya dawo yana gani. Akwai ƙafar da ta shanye tana jan ƙasa, yatsu na tuntuɓe da bakin tabarma. Akwai silifas. Akwai shi kansa masan, da ke can ƙarshen gida, sai an tsuguna, tashi kuma ya zama aiki. Abin da muke tsoro a faɗuwa shi ne karayar ƙashin ƙugu. Tsohon da ya karye a nan, ɗorin gida ba ya yi masa, yawanci sai an yi aiki, da yawa kuma daga wannan kwanciya ba sa sake takawa.

Don haka matakin farko asibiti ne. Ka kawo ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, a auna jininta a kwance da kuma a tsaye, a duba suga da ƙoda da ido, a haɗa ta da masu gashin ƙashi su koya mata tafiya da sandar da ta dace da tsawonta. Ku zo da duk abin da take sha cikin leda ɗaya: na asibiti, na kemis, da jiƙe-jiƙen gargajiya. Kusan kowace leda na buɗe sai na tarar da maganin ciwon gaɓɓai irin su diclofenac ko ibuprofen da ake saya ba takarda, alhali suna ɗaga hawan jini, suna cin ƙoda, suna tayar da gyambon ciki.

Ɗakin da Baba ya bar ta

Wannan magana tata kada ka ɗauke ta a matsayin taurin kai. A can ita ce uwar gida. Ita ake gaisarwa, ita ake tambaya ranar da za a buɗe rumbu, tana da awakinta da kajinta, jikokin maƙwabta sun san ƙullin gyaɗarta. A Gusau baƙuwa za ta zama a gidan suruka, tana jin kunyar ta nemi ƙarin miya, tana jin nauyin a ga fonta. Ga wani tsoron da ba za ta faɗa maka ba, na kada ta cika a wani gari a rufe ta nesa da mijinta da iyayenta. In ka samu natsuwa da ita ka taɓo maganar da kanka, ka ji abin da take so, ka faɗa mata iyakar abin da za ka iya alkawartawa.

Akwai wata tsohuwa da aka kira ni dubawa a Tudun Wada, an ɗauko ta daga yammacin jihar nan. Ɗanta ya yi bajinta: sabon gado, talabijin, firji, har da na'urar sanyaya ɗaki. Kwana tara tana juya fuska ga bango, cokali biyu take ci ta ture. An yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Ina zaune bakin gadon ina matsa mata ƙafa, sai na ji ta ce a hankali, "Wa ka ba akuyata ruwa?" Ashe an sayar da akuyar ranar da aka taho, an raba kayan ɗakinta, an ba wani ɗan'uwa ɗakin. Aka bi sawu aka fanso akuyar, aka ɗauko randarta da tsohuwar adakarta da kujerar tsugunonta. Ba zan ce ta koma yarinya ba, amma cikin mako guda tana fitowa tsakar gida da hantsi, tana faɗan an ba dabba dusa ba gishiri, abinci kuma ya fara shiga.

Saboda haka kada a sayar da komai nata, kada a raba, kada a sa kowa a ɗakin. A kulle, makullin ya zauna a bakin zanenta. Gonarta da dabbobinta da 'yan kunnenta nata ne tana raye, duk abin da za a taɓa sai da izininta, a gaban shaidu, domin na ga zumunci ya watse a kan tunkiya biyu. Kada kuma a yaudare ta, a ce "asibiti kawai za mu mu dawo" alhali an gama shirya ba za ta koma ba. Ranar da ta gane, ta daina yarda da kai ke nan, har maganin da ka miƙa mata sai ta yi zargi. Ka faɗa mata gaskiya mai iyaka: za a ga likita, za ta zauna wata biyu ana gashi, sannan a sake zama a yi shawara da ita. Tsoho ya fi karɓar "zo ki kwana biyu" a kan "kin taso ke nan". Maganar kuma kada ta fito daga bakinka kai kaɗai. Uwa ba ta cika son ɗan da ta goya ya tsara mata rayuwa ba, amma in ƙaninta ko yayanta na raye, ko limamin garin, ko wata aminiyarta da suka yi 'yanmatanci tare, sau da yawa magana ɗaya tasu ta fi taka goma.

In kuwa duk an yi ta ce a'a, kuma hankalinta garau yake, to haƙƙinta ne, ba a ɗaukar babba kamar buhu. Sai a ƙarfafa can ɗin: a samu mace mai hankali a cikin dangi ko maƙwabta a riƙa biyanta tana kwana da ita, a kai kujerar bayi da fitila mai sola da waya, a samu ma'aikacin asibitin garin ya riƙa auna ta. Batun tsaro kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuka san garinku, in zama ya zama kasada, wannan hujja ce da ita ma za ta fahimta in aka faɗa mata ba ɓoye-ɓoye.

Gyaran ɗaki

Ɗakin ya kasance a ƙasa, ƙofarsa na kallon tsakar gida inda za ta ga shige da fice. Kuskuren da masu hali ke yi shi ne su ware mata can ƙurya "don ta huta", kaɗaici kuwa ya fi hayaniyar yara illa. Tayil mai santsi abokin gaba ne, musamman in ya jiƙe da ruwan alwala. A ɗauke ƙananan shimfiɗu masu naɗewa, a samo mata takalmi mai rufe dunduniya. Tsawon gado ya zama in ta zauna a bakinsa tafin ƙafarta na taka ƙasa sosai. Katifa a ƙasa tana da wuyar tashi ga mai shanyewar ɓari, gado mai tsawo kuma faɗowa ne. A sa gadon yadda za ta sauko ta ɓangaren dama, mai ƙarfin, a kira mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a nan da kuma cikin bayi.

Kujerar bayi ana sayarwa a shagunan kayan asibiti, in ta yi tsada kafinta zai huda kujerar katako mai hannu a sa bokiti mai murfi a ƙasa. Da dare a ajiye ta dab da gado. Wannan kaɗai yana kawar da tafiyar da ta kayar da ita sau biyu. Fitila ta kwana a kunne. A koya mata in ta farka ta zauna bakin gado tukuna, ta yi salati ta ɗan jima, sannan ta miƙe. Alwala a zaune kan kujera, a tasa. Sallah a zaune ga wanda tsayuwa ta gagara, da taimama ga wanda ruwa zai cutar, sauƙi ne da addini ya bayar, amma tsofaffi ba sa karɓa daga bakinmu, sai malam ya faɗa.

Yanayin garin nan ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wasu ma da gangan suke ƙin sha don gudun fitsari. A riƙa miƙa mata ruwa ba sai ta nema ba, da fura mai ruwa-ruwa, da kankana, sai dai in likita ya ƙayyade mata ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Da hunturu kuma kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kisa cikin barci.

Wa zai yi aikin

Maiɗakinka ta ce ta yarda, Allah Ya yi mata albarka. Amma wace mace ce mijinta zai ce zai kawo uwarsa ta ce a'a? Ka lissafa yininta: ta tashi da asuba, ta shirya yara huɗu, ta tafi makaranta, ta dawo ta ɗora tukunya. A ina wankan Inna zai shiga, da wankin shimfiɗa, da tashin dare sau biyu ko uku? Na ga mata nagari da aka bar wa jinya su kaɗai, bayan wata shida sun rame, sun zama masu tsawa, dangin miji kuma da ke zuwa ranar Juma'a da ledar lemo su ne masu cewa ba a kula da tsohuwa. Ka tambaye ta a keɓe abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, ka kuma karɓi amsar ba tare da ɓacin rai ba. Ita ta zama mai sa ido da tsara abinci, jinyar kanta a nemo mai yi.

Wadda ta fi dacewa, a abin da na gani, mace ce mai shekaru 40 zuwa 50, sau da yawa bazawara ko wadda mijinta ya rasu, daga dangi ko daga garinsu Inna, mai jin irin maganarta, wadda za su yi hirar mutanen da suka sani. A yanka mata albashi a fili ko da 'yar'uwa ce, domin "ai taimako ne" shi ke kawo gori daga baya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne, sai ku auna da shi, ku tuna aikinta har da dare. A ba ta ranar hutu a mako, 'yan'uwanku mata su karɓi ranar bi da bi, tunda su suka fi kowa ƙin gidan tsofaffi, ga wurin nuna hakan. Ƙanenka na Abuja ya ɗauki albashin da kuɗin magani. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a ciro yarinya 'yar shekara 12 daga makaranta a ce ita ce mai jinya. Ba za ta iya ɗaga babba ba, ba za ta gane alamar hatsari ba, an kuma zalunce ta.

Ku yi zama ɗaya ku duka, a rubuta wa ya ɗauki me, a buɗe littafin kashe kuɗi, a riƙa sa hotonsa a zauren WhatsApp na gida. Ka leƙa ofishin ZAMCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ka tambayi yadda za a yi mata rajista. A tsarin inshorar ma'aikatan tarayya, mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ake ɗauka, iyaye sai an ƙara su daban an biya, don haka kada ka ɗauka katinka ya rufe ta.

Mai jinyar sai an koya mata, ko da ta yi renon tsofaffi a baya. Kada a taɓa jan Inna ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa, ciwonta kuma ba ya jin magani. A tsaya ta ɓangaren mai raunin, a riƙe ta ta ƙugu. Abinci a zaune tsaf, a bar ta a zaune kamar rabin sa'a bayan ta gama. In tana ƙwarewa ko tari lokacin shan ruwa a gaya wa likita, domin abin da ya bi ta hanyar iska shi ke zama ciwon huhu. A rage gishiri da dunƙulen miya, a bar mata daddawarta da kukarta, kada a mayar da abincin lami ta ƙi ci. Wurin wanka a duba fatar ƙugu da gindin baya da dunduniya. Jan da aka danna bai washe ba, farkon gyambon kwanciya ne. In ta kai ga kwanciya, juyi duk sa'a biyu. Abin da take iya yi da kanta kuma a bar ta ta yi, ko da zai ɗauki lokaci, ko tsinke zogale ne ko ɓarar gyaɗa, hannun da aka hutar da shi mutuwa yake yi.

Kai ma kana da rabo, Malam. Magani ya zama a hannunka, kai za ka riƙa auna jininta da na'urar gida kana rubutawa. Ka ci tuwon dare a ɗakinta. A nan za ka lura in akwai rauni a jikinta da ba a san sanadinsa ba, ko zarnin da ya kwana, ko tana yin tsit in wani ya shigo.

Makonni biyun farko

Ku taso da safe bayan ta karya ta sha magani, a sa ta gaban mota, a iso da rana tsaka ta ga wurin da haske. Kayanta su riga ta isa, a jera su kamar yadda suke a can: carbi a inda hannunta ya saba, buta a gefen da ta saba, rediyonta a kan tashar da take ji. A hana 'yan sannu da zuwa yin dafifi a kwana biyun farko.

Sauyin wuri kan rikita tsoho, musamman wanda ya taɓa samun shanyewar ɓari. Kana iya ganin Inna da la'asar sakaliya ta naɗe kayanta ta ce za ta tafi gida, ko ta kira ka da sunan Baba, ko ta kwana ba barci. Nan take mutane ke cewa gigin tsufa ne, wasu su ce iska ce ko an yi mata asiri. A yi addu'a, amma a lura da wannan: ciwon mantuwa na gaskiya a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Rikicewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, tana lafawa tana tashi, kusan kullum akwai ciwo a ƙarƙashinta, irin su ciwon mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, bayan gida da ya ƙi fita kwana da kwanaki, ko suga da ya faɗi. Tsoho na iya ɗauke da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. A kai ta asibiti ranar, in aka magance sanadin yawanci hankali na dawowa. Kada a je kemis a sayo maganin barci irin su diazepam, yana ƙara ruɗewa, yana kayarwa. Kada a ɗaure ta, kada a kulle ta ita kaɗai, kada a yi musu da ita. In ta ce za ta gida, a ce "to Inna, bari a yi magariba a ci tuwo", a zauna kusa da ita a ja ta da hirar garinsu. In mantuwar ta zarce watanni tana ƙaruwa, likitocin ƙwaƙwalwa ne za su duba, akwai asibitin tarayya na Kware kusa da Sakkwato.

Abin da ba ya jiran safiya: baki ya karkace, magana ta sarƙe, wani hannu ko ƙafa ya saki, numfashi ya yi wuya, ko ta faɗi ta kasa taka ƙafa. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu a wannan hali, a nemi mota. Tun yanzu ka san wanda za ka buga wa in motarka ba ta gida.

Ban ga Inna ba, daga wasiƙarka nake magana, likitan da ya taɓa ta shi zai faɗi matakin da take. Akwai kuma ranar da jinya kan fi ƙarfin gida, in ta kai ga ciyarwa ta roba ko gyambo mai zurfi da ke son wanki kullum. Ko a nan, nas mai zuwa gida safe da yamma ta kan wadatar. In har wata rana dole ta sa ku duba gidan kula na kuɗi, ku je ba sanarwa, ku je da dare, ku ƙirga ma'aikatan da ke farke, ku nemi takardar rajistarsu, ku tambayi asibitin da suke kai mutum in ya rikice, da ko mata ne ke yi wa mata wanka. Hancinku ma zai gaya muku abu da yawa tun daga bakin ƙofa.

Game da lokaci, kada ku jira a gama biki. Ku ɗauko Inna tun jikar tana gida, su taho tare, yarinyar ta yi mako biyu tana kwana da ita a sabon ɗakin tana nuna wa mai jinyar abubuwa. Ita ta san kaurin kunun da Inna ke so, ta san irin gyaran muryar da ke nufin "kawo fo", ta san ƙafar da ake fara sa wa takalmi. In ranar biki ta zo kuma hanya ta yi kyau, ku kai Inna ta sa albarka, ta buɗe ɗakinta da makullinta ta kwana biyu, ku je da mai jinyar da kujerar bayin a bayan mota.